Tabarau mai tace ƙyalli da allon mota: tambayoyi da amsoshi ga direbobi

Direbobi da dama da suka sayi baƙin tabarau mai tace ƙyalli, wanda 'yan kasuwa suke kira folaraiz, sukan tarar cewa hanya ta fito musu tar, amma allon da ke cikin motar ya dushe ko ya mutu ɗungurungum. Tun da motoci suka fara zuwa da allo a madadin maleji mai allura, ga allon taswira da na kyamarar ribas, wannan ƙorafi ya yawaita. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda aka fi yi a kan lamarin.

Me ya sa allon yake yin baƙi idan na sa tabarau, alhali idan na cire yana nan lafiya lau?

Allon bai lalace ba, tabarau ɗin ma ba jabu ba ne. Hasali ma, dushewar allon shaida ce cewa tabarau ɗin yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa.

Haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kuma hasken da ke zuwa kai tsaye daga rana yana kaɗawa ta kowace fuska, sama da ƙasa, dama da hagu, da duk abin da ke tsakani. A ɗauka an zura igiya ta tsakanin ƙarafan taga waɗanda suke a tsaye: idan aka kaɗa igiyar sama da ƙasa, kaɗawar za ta wuce zuwa ɗaya ɓangaren, idan kuwa aka kaɗa ta dama da hagu, ƙarafan za su tare ta. A cikin tabarau mai tace ƙyalli akwai wata siririyar leda da ke yin aikin ƙarafan nan, tana barin haske mai kaɗawa a tsaye ya wuce, tana shanye mai kaɗawa a kwance. An tsara ta haka ne saboda hasken da ya daki shimfiɗaɗɗen wuri mai sheƙi ya dawo, kamar saman ruwa ko jiƙaƙƙiyar kwalta ko bonet ɗin mota, mafi yawansa a kwance yake kaɗawa, kuma shi ne ƙyallin da ke kashe ido.

Matsalar ita ce allon LCD, wanda shi ne a yawancin motoci, shi ma da irin wannan mataci yake aiki. A bayansa akwai fitila, a gaban fitilar akwai mataci biyu, a tsakaninsu kuma akwai wani sinadari mai kama da ruwa wanda lantarki ke sarrafawa ya murɗa hasken ko ya bar shi yadda yake, ta haka ake samun ɗigon da ya haska da wanda ya yi duhu. Saboda haka duk hasken da ya fito daga allon ya riga ya bi ta mataci, fuska ɗaya tak yake kaɗawa. Idan fuskar ta dace da ta tabarau, direba zai ga allon. Idan ta saɓa, tabarau zai ɗauki hasken allon tamkar ƙyallin kwalta ya shanye shi, domin ba shi da hanyar bambance hasken da direba yake so da wanda ba ya so.

To me ya sa a motar ɗan'uwana nake ganin allon sosai da wannan tabarau ɗin, a tawa kuwa ba na gani?

Domin ba duk masu ƙera allo ne suke kafa matacin gaba a fuska ɗaya ba. Wasu suna kafa shi a tsaye, wasu a kwance, wasu a karkace da digiri 45, kuma yawan hasken da zai isa ido ya dogara ne kacokan ga kusurwar da ke tsakanin matacin allo da na tabarau. Akwai ƙa'ida sananniya a kan wannan, mai ɗauke da sunan Étienne-Louis Malus, injiniyan sojan Faransa wanda a shekarar 1808 ya lura, yana kallon hasken faɗuwar rana a tagogin fadar Luxembourg da ke Faris ta cikin wani dutse mai garai-garai, cewa hasken da ya dawo daga gilashi ya sauya hali. Bisa ƙa'idarsa, idan saɓanin digiri 30 ne, kashi uku cikin huɗu na hasken zai wuce. Idan 45 ne, rabi. Idan 60 ne, kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya kai 90, kusan babu abin da zai wuce. Wannan ne ya sa wani direba yake cewa allonsa ya ɗan dushe kawai, wani kuma ya rantse nasa ya mutu, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Manyan kamfanonin mota sun san da matsalar, kuma galibi sukan zaɓi allon da ya dace da tabarau ko su ɗora masa wata leda da ke warwatsa kaɗawar hasken. Inda aka fi cin karo da matsalar shi ne allunan da ake sayowa daban a liƙa wa mota, irin manyan allunan Android da masu gyaran wutar mota suke sa wa motocin da aka shigo da su na hannu. Irin waɗannan a wasu lokuta an ƙera fuskarsu ne don a riƙa kallonta a tsaye, sai aka kwantar da ita a dashbod, fuskar matacin ta juya da digiri 90. Haka ma wayar hannu: wata ana ganinta sosai idan tana tsaye a maƙalarta, da zarar an kwantar da ita don a ga taswira da faɗi sai ta dushe.

Shin allon OLED ya tsira daga wannan?

Bai tsira gaba ɗaya ba. Gaskiya ne cewa kowane ɗigo a allon OLED da kansa yake ba da haske, ba ya bukatar mataci kafin ya nuna hoto, amma akasari akan ɗora masa mataci a gaba don rage sheƙin hasken waje, don haka shi ma yakan dushe ko ya sauya launi a wata kusurwa. Maleji mai allura da ƙananan fitilun gargaɗi na dashbod su ne ba ruwansu da tabarau, sai dai duhun da ya rage musu kamar yadda ya rage wa komai.

Motata tana haska gudu da alamar hanya a jikin gilashin gaba, amma da tabarau sai rubutun ya ɓace. Shi ma dalilin ɗaya ne?

Dalilin ɗaya ne, amma a nan abin ya fi tsanani, kuma sauya allo ba ya maganinsa. Wannan na'ura, wadda aka aro daga jiragen yaƙi kuma kamfanin General Motors ya fara sa ta a motar kasuwa a 1988, a ƙirar Oldsmobile Cutlass Supreme, tana ɓoye ne a cikin dashbod, tana harba hoto sama ya daki gilashin gaba ya dawo idon direba. Wato hoton da direba yake gani yana shawagi a kan hanya shi kansa ƙyalli ne, ƙyallin da aka yi da gangan.

David Brewster, masanin kimiyya ɗan Sikotland, ya nuna a 1815 cewa akwai wata kusurwa da idan haske ya daki abu mai garai-garai a kanta, hasken da zai dawo duka fuska ɗaya zai kaɗa. Ga gilashi kusurwar tana wajen digiri 56, ga ruwa wajen 53. Kwanciyar gilashin gaban mota ta sa hoton na'urar yana dukansa a kusa da wannan kusurwa, don haka abin da ke dawowa kusan duka a kwance yake kaɗawa, wanda shi ne ainihin abin da aka ƙera tabarau ya hana. Wasu masana'antu sun fito da wata leda da ake sakawa a tsakiyar gilashin gaba domin ta dawo da haske mai kaɗawa a tsaye, amma wannan sai a wasu sababbin motoci, kuma ba abu ne da za a ƙara wa tsohuwar mota a gareji ba. Wanda ya dogara da wannan na'ura wajen duba gudunsa, shawarar da ta fi sauƙi gare shi ita ce ya nemi tabarau marar mataci.

Ina ganin tabo-tabo a gilashin bayan motoci, da launuka kamar bakan gizo a wasu tagogi. Idona ne ya sami matsala?

A'a. Gilashin baya da na gefe ana gasa su ne a zafin da ya haura digiri 600, sannan a huce su nan take da iska mai ƙarfi daga bututai masu yawa, domin idan sun fashe su zama tsaki-tsaki maimakon dogayen tsinaye masu yanka. Wuraren da iskar ta fi duka sukan riƙe wani matsi a cikin gilashin, wanda ido ba ya gani amma yana murɗa haske, sai tabarau ya tona shi a matsayin jerin tabo. Gilashin gaba kuwa falle biyu ne da leda a tsakani, shi ya sa ba a cika ganin tabon a jikinsa ba. Launukan bakan gizo kuma galibi daga ledar duhu da ake manna wa tagogi suke, ko daga robar da ta rufe maleji.

Wannan matsala ce ta jin daɗi kawai, ko tana iya jawo haɗari?

Tana iya jawowa, kuma hanyar da take bi ba ta da wuyar ganewa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya saba ɗaga ido ya karanta maleji cikin ƙiftawa, idan allon ya dushe zai tsaya yana ƙura ido, ko ya karkata kai, ko ya ɗaga tabarau da hannu ɗaya, kuma daƙiƙa biyu da ya ɓata a haka sun kai mita 56 da motar ta tafi ba mai kallon gabanta. A hanyar da akuya ko ɗan acaba ko rami ke iya ɓullowa a kowane lokaci, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Sai kuma kyamarar ribas. Tun daga watan Mayun 2018 doka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci a Amurka, kuma da yake motocin hannu masu yawa daga can ake shigo da su, direbobi da yawa a nan sun saba da ita har sun rage waiwaye. Allon da ya dushe rabi yana iya nuna bango ko mota, amma ya ɓoye ƙaramin yaro da ke tsugune a inuwa a bayan mota cikin gida, kuma wannan ya fi duk sauran abubuwan da aka lissafa ban tsoro.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika kawowa ba. Wani ƙyallin gargaɗi ne: sheƙin man da ya zube a kwalta, ko na ruwan da ya kwanta a rami, ko ƙanƙarar da ta daskare a kan hanya ga waɗanda suke tuƙi a ƙasashen sanyi. Tabarau yana rage wannan sheƙi tare da sauran. Saboda dalilai irin waɗannan ne hukumar kula da sufurin sama ta Amurka take ba matuƙan jirgi shawarar su guji tabarau mai mataci, domin yana iya dusar musu da na'urorin gabansu, ya kuma ɓoye ɗan walƙiyar da ke nuna wani jirgi yana kusa.

Ke nan ya kamata direba ya rabu da shi gaba ɗaya?

Ba lalle ba ne, kuma waɗanda suke yanke wannan hukunci kai tsaye sun yi gaggawa. Ga mai doguwar tafiya da rana, musamman da damina bayan an ɗauke ruwa rana ta fito ta daki jiƙaƙƙiyar kwalta, babu tabarau da ya kai shi hutar da ido. Yana kuma kawar da wani abu da direbobi suka saba da shi har sun daina lura: hoton dashbod da ke fitowa a jikin gilashin gaba. Duk wanda ya taɓa ajiye farar takarda ko hula a kan dashbod ya san yadda hotonta ke tare masa hanya. Da wannan tabarau hoton yakan kusan ɓacewa, saboda ta hanya ɗaya yake zuwa da hoton na'urar da aka yi bayani a sama.

Abin da ba ya yi shi ne maganin rana ido da ido. Mai tafiya gabas da sassafe ko yamma bayan la'asar, hasken da ke dallare masa ido kai tsaye yake zuwa, bai daki komai ba, don haka mataci ba shi da wani fifiko a kansa fiye da duhun kowane tabarau. A nan makarin rana na saman gilashi da tsabtar gilashin gaba sun fi amfani.

Abin lura a gefe: Edwin Land, Ba'amurken da ya ƙirƙiro ledar mataci mai araha a ƙarshen shekarun 1920 kuma ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, babban burinsa tun farko mota ne. Ya so a sa mataci a fitilun gaba da gilashin gaban kowace mota, a karkace, yadda direba zai ga hasken fitilarsa amma fitilar mai tahowa ba za ta kashe masa ido ba. Ya shafe shekaru yana neman kamfanonin mota su karɓa, ba su karɓa ba, saboda tsarin yana bukatar fitilu masu ƙarfi sosai, kuma amfaninsa ba ya cika sai kusan duk motocin da ke hanya suna da shi.

Yaya zan gane ko tabarau zai dace da motata kafin in biya kuɗi?

A gwada shi a cikin motar, tana tsaye, da rana. A zauna a kujerar direba yadda aka saba zama, a kunna motar, a sa tabarau, a bi allunan ɗaya bayan ɗaya: maleji, allon tsakiya, ɗan allon na'urar sanyaya, madubin tsakiya idan mai allo ne, sannan a taka birki a sa ribas don a ga hoton kyamara. Bayan haka a cire tabarau a riƙe shi a gaban allon, a rufe ido ɗaya, a riƙa juya shi a hankali kamar sitiyari. Za a ga allon yana haske, yana dushewa, har ya kai inda zai yi baƙi ƙirin, sannan ya sake dawowa. Idan wurin da ya yi baƙin shi ne lokacin da tabarau ya miƙe tsaye, ido ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, to an dace, domin ba wanda yake tuƙi a haka. Idan baƙin yana zuwa ne a rabin juyi, allon na digiri 45 ne, za a gan shi da rabin haske kuma zai riƙa sauyawa duk lokacin da kai ya karkata. Idan kuwa a yadda ake sa shi a fuska ne allon ya fi duhu, wannan tabarau da wannan mota ba za su zauna tare ba.

Gwajin nan yana kuma tona jabu. Tabarau da aka manna wa takardar folaraiz amma aka juya shi a gaban allon kwamfuta ko na famfon gidan mai bai sauya komai ba, ba shi da mataci, ko nawa aka saye shi.

Na riga na saya, kuma allon yana dushewa. Akwai dabara?

Idan dushewar kaɗan ce, ƙara hasken allo zuwa ƙarshe da zaɓar farin bango maimakon baƙi yakan wadatar. Idan waya ce ko na'urar taswira da ake maƙalawa, juya ta daga kwance zuwa tsaye ko akasin haka shi ne magani, ba ya cin ko kwabo. Wasu ledojin kare allo na roba sukan warwatsa kaɗawar haske har allon ya fito, ko da yake sukan kawo launuka a gefe, kuma ba kowace leda ce take yi ba. Makarin allo na gilashi yawanci ba ya sauya komai.

Karkata kai yana aiki, shi ya sa mutane suke yi ba tare da an koya musu ba, amma ba dabara ce da za a riƙe a kan hanya ba. Ya fi kyau a ajiye tabarau na biyu marar mataci a cikin mota. Ga mai tuƙi, wanda samansa ya fi duhu ƙasansa ya fi haske yana da amfani na musamman, domin yana tare hasken sama ya bar dashbod a fili, kuma launin toka ya fi barin fitilun hanya da alamomi a launinsu na asali.

Na cire tabarau amma allon bai dawo sosai ba. Mene ne kuma?

A duba fitilun gaba. Motoci da yawa suna ɗauka dare ya yi da zarar an kunna fitila, sai su rage hasken dashbod, kuma direban da ya kunna fitila da rana saboda hazon hunturu ko ruwan sama zai ga allonsa ya dushe. Akwai maɓalli ko 'yar ƙaramar taya a kusa da sitiyari da ake ƙara hasken da ita. Ƙura da shatin yatsu a kan allo ma suna warwatsa hasken rana su rufe rubutu.

Duhun tabarau da mataci da kariya daga hasken da ke cutar da ido, duk abu ɗaya ne?

Abu uku ne daban-daban, kuma tabarau yana iya samun ɗaya ya rasa biyu. Duhu ana auna shi da lamba daga 0 zuwa 4 bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa, kuma a tabarau na kirki akan buga lambar a cikin hannunsa. Lamba 2 tana barin kashi 18 zuwa 43 cikin ɗari na haske ya wuce, lamba 3 kashi 8 zuwa 18, kuma waɗannan biyun su ne na tuƙin rana. Lamba 4 tana barin kashi 3 zuwa 8 kacal, an yi ta ne don masu hawan duwatsu masu ƙanƙara da makamantansu, kuma ma'aunin ya ce ba ta dace da tuƙi ba ko da tsakar rana.

Kariya daga hasken da ido ba ya gani amma yake cutar da shi, wadda ake nuna ta da alamar UV400, ba ta da alaƙa da duhu ko mataci. Baƙin tabarau marar wannan kariya yana sa ƙwayar ido ta buɗe saboda duhun, alhali bai tare abin da ya kamata ya tare ba. Wanda yake sa gilashin likita zai iya neman a yi masa na rana da ma'aunin idonsa, kuma ya kamata ya gaya wa mai haɗawar irin allon da ke motarsa kafin a zaɓa masa mai mataci ko marar shi.

Gilashin da ke yin duhu da kansa idan an fita rana fa, ba zai raba gardama ba?

Galibinsa ba shi da mataci, don haka ba ya dusar da allo, amma a cikin mota ba ya yin duhu yadda ake so. Hasken da ba a gani ɗin nan ne yake sa shi duhu, gilashin gaban mota kuwa ya riga ya tare mafi yawansa, sannan zafi ma yana rage masa duhu, abin da mazauna ƙasashenmu za su fi lura da shi a watannin bazara. Akwai nau'in da aka yi musamman don direbobi, mai amsa hasken da ake gani, sai dai wasu daga cikinsu suna ɗauke da mataci, don haka su ma sai an gwada su a gaban allo.

Zan iya sa tabarau mai mataci da dare don rage hasken fitilun masu tahowa?

A'a. Hasken fitilar mota kai tsaye yake zuwa, mataci ba ya ware shi, kuma mataci na sosai yana shanye aƙalla rabin duk hasken da ya same shi, alhali ma'aunin ya ce gilashin da bai bar kashi 75 cikin ɗari ya wuce ba bai dace da tuƙin magariba ko dare ba. Abin da zai ragu shi ne ganin mai tafiya a ƙasa da motar da ta lalace a gefen hanya ba fitila. Wanda fitilu suka fara damunsa fiye da da, ko yake ganin kewaye a jikinsu, ya je asibitin ido a duba shi, domin yanar ido takan fara da irin wannan alama.